Funkason kakata da muryar Baturiya

Juma'ar da ta wuce dangin maigidan suka zo, kuma kun san ni na jawo wa kaina. Tun ranar sunan nan na Kurna na buɗe baki na ce funkasona na gado ne, wurin kakata ta Zariya na koya. Allah ya jiƙan tsohuwa, ban taɓa tsayawa kusa da kaskonta ba sai in an kwashe. Hajiya ta ce to za ta zo ta ɗanɗana. Daren Alhamis na sauke wata manhajar girki a waya, na ga hoton funkaso ya tashi ɓul-ɓul, na kwanta abina.

Duk wanda ya ƙera manhajar nan bai taɓa sa hannu a ƙulli ba, ko kaffara ba zan yi ba. Ina fara kwaɓa garin alkama waya ta yi duhu. Duk bayan daƙiƙa 30 sai ta mutu, kuma ba ta gane yatsana da ƙulli a jiki, har da hanci na gwada buɗe ta. Kayan haɗi suna shafi ɗaya, yadda ake yi yana wani shafin. A ce miki zuba gishiri, ba a ce nawa ba, sai kin koma baya, kina komawa tallan masu ba da bashi ya rufe komai, wurin kashe shi bai kai ƙwayar gero ba. Ga awo da kofi. Kofin wa? Mu da gwangwanin madara muka tashi. Sannan an rubuta tsp da tbsp da ƙananan baƙaƙe, harafi ɗaya ne tsakaninsu, ashe ɗaya ƙaramin cokali ne mai mililita 5, ɗayan babba mai 15. Wannan sai ranar Asabar na gano shi.

Bayan an sauko daga masallaci falo ya cika. Hajiya, Gwaggo ta Fagge, ƙanwar maigidan mai karatu a jami'a, da matar Yaya wadda ba abin da ya kawo ta sai kallo. Ni ina kicin, mai ya yi zafi, hannu duk ƙulli, ina so in ga mataki na gaba. Na danna da bayan yatsa, ashe hoton lasifikar da ke manne da kibiyar na taɓa, wato wurin da manhajar ke karanto wa mutum. Ban ji komai ba. Na ƙure ƙarar wayar. Shiru. Na sake dannawa.

Sai na lura hirar falo ta tsaya cak.

Daga lasifikar falo, babbar nan ta kallon ƙwallo, wata Baturiya ce ke bayani da iya ƙarfinta. Ko sunan abincin ba ta iya faɗa ba, "fankeizo" take cewa. Na tsaya da matsami a hannu kamar an dasa ni. Ina jin Hajiya ta ce, "Wace ce wannan?" Ita kuwa 'yar jami'ar, maimakon ta kashe, ta gyara zama ta fara fassara layi-layi. "Hajiya, wai mataki na shida, a jiƙa hannu da ruwa kafin a ɗebi ƙulli. Wai a huda tsakiyarsa." Na yi wuf zan kashe, waya ta yi duhu. Na goga yatsa a zani, ta ƙi. Baturiya ta wuce mataki na bakwai. Funkason farko ya ƙone a gabana ina kallo.

Sai muryar Gwaggo, a hankali, yadda kuka san tana yi: "Amarya, ashe kakar taki har Turanci take ji? Allah sarki, ga ta kuwa da murya kamar ta yarinya."

Matar Yaya dariya har da tari. Maigidan kuma take ya tuna yana da kiran gaggawa a ƙofar gida.

Haka na daure na kawo musu da miyar taushe. Hajiya ta ci rabin guda, ta sha ruwa kofi biyu, ta ce, "Sannu da aiki, 'yata. Mutanen Zariya akwai son gishiri."

Amma ni duk haushina na Auta ne. Shi ya haɗa wayata da lasifikar nan tun ranar Babbar Sallah, wai tasa ba caji zai sa waƙa, kuma bai cire ba. Yana zaune a falon, ya fi kowa sanin inda ake kashewa, amma ya ciro waya yana ɗaukar bidiyo. Yaron da nake ajiye wa ƙanzo. Yaron da na ara wa dubu 3 tun azumi, wai zai gyara babur, babur ɗin ma ba nasa ba ne. Jiya ya turo mini saƙo wai "Anti, a gaida kaka." Cajata ma tana wurinsa, farar nan mai doguwar igiya, duk wanda ya gan shi ya ce ina nema.