Gwajin aladu bai amsa tambayar yaranmu ba

Wani labari kan gwajin da aka yi da aladu ya ce idan aka lalata guringuntsin girma na ƙashin baya, wato guringuntsin da ƙashi ke girma daga gare shi, a gefe guda, bayan dabba zai karkace. Wannan ba gardama: a kafa wa ɗan alade ƙusa a gefe ɗaya na ƙashin bayansa, gefen ya daina girma, ɗayan ya ci gaba, dole baya ya lanƙwashe. Amma masu cewa wannan gwajin ya gano tushen cutar karkacewar baya a yara, ku dakata tukuna. Alade da ƙafa huɗu yake tafiya, mu a tsaye muke. Kuma yaran da bayansu ke karkacewa lokacin balaga, galibinsu 'yan mata, ba wanda ya taɓa guringuntsinsu. To lalacewar ce ke jawo karkacewar, ko karkacewar ce ke danne guringuntsin har ya lalace?