Ƙannena mawaƙa, kayan aro ba ya rufe katara

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, na fito zan je kanti sai na tarar an tare layinmu. Wata baƙar jif ce a tsaye ƙofar gidan wani attajiri da bai cika zama a gari ba, yaran unguwa sun yi mata zobe. Na ɗauka ango aka kawo. Da na matsa sai na ga wani yaro da na sani tun yana rataye da allo, ya sha farar kwat, sarƙa a wuya, baƙin gilashi a ido, ya jingina da motar. Ashe bidiyon waƙarsa ake ɗauka.

Na tsaya na kusan awa guda, kuma har yanzu abin da na gani bai bar raina ba. Waƙar tana tashi daga wata ƙaramar sifika, shi kuwa yana motsa baki yana bin ta. Mai kyamara ya kwanta rub da ciki a kan ƙasa yana ɗauko shi daga ƙafa zuwa sama. Can gindin darbejiya direban jif ɗin yana zaune da makulli a hannu, sai duba agogo yake, don awa 3 aka yi hayar motar. Aka miƙo wa yaron damin kuɗi. Da idona na gani, 'yan dubu-dubu ne a sama da ƙasa, tsakiya kuwa takarda ce aka yayyanka. Ya watsa su sama, suka zubo, ya bi ta kansu da takalmi. Darakta ya ce a sake. Aka tsince, aka ɗaure, ya sake watsawa. Sau 5 ana yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne baitukan. Wallahi masu daɗi ne. Yana waƙe wahalar da mahaifiyarsa ta sha a kansa, yana cewa haƙuri ne jarin talaka. Baki yana wa'azin haƙuri, hoto yana taka kuɗi. To wanne mai kallo zai ɗauka? Hausawa sun riga sun yanke hukunci: gani ya kori ji.

Da aka tashi, ya tuɓe kwat ɗin ya mayar wa mai ita, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce, "Ɗana, wannan ƙaryar fa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai haka harkar take. In ba ka nuna kana da shi ba, ba mai kallonka." Daga nan ya tsayar da adaidaita sahu ya shige.

Ƙannena, ku saurare ni da kunnen basira, don ba ƙin sana'arku nake yi ba. Bidiyo ma magana yake yi, kuma muryarsa ta fi taku ƙarfi. Duk wanda aka ɗauko daga ƙasa sai ya fito gabjeje kamar basarake, shi ya sa mai kyamarar nan ya kwanta. In an rage saurin hoto, takardar naira tana saukowa a hankali kamar ruwan albarka, ido ya ƙoshi da ita. Ana yanka hoto daidai bugun kiɗa, mota, agogo, takalmi, mace, mota, har zuciyar mai kallo ta haɗa sunanka da waɗannan kaya ba tare da ka furta komai ba. A kwamfuta kuma a wanke launi, fata ta yi fes. Af, ga wani ciwon: yarinya ta ga hasken da na'ura ta ƙirƙira, ta tafi kasuwa neman man bilicin, ta ƙone fuskar da Allah Ya yi mata. Wa zai ɗauki alhakinta?

Duk wannan dabara ce, kuma dabara ba laifi ba ce. Da ita za ka iya nuna mahaifiyar nan gaban kaskon ƙosai da asuba, hayaƙi yana shiga idonta, kowa ya gani ya yi hawaye. Amma kun zaɓi ku kashe basirar a kan ƙaryar arziki. Gidan aro, motar haya, agogon jabu, kwalbar da aka cika da lemo a ce giya ce mai tsada, tukunyar shisha a tsakiyar falo. Abin da ma ba ku da shi, ku rasa na yin ƙarya da shi sai abin kunya! Kowa ya buɗe YouTube ko TikTok yau zai ga mawaƙa 10 da bidiyo iri guda, ba ka bambance ɗan Kano da ɗan Legas, ba ka bambance ɗan Legas da ɗan Amurka. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Kuma ko kun san watsa naira da taka ta laifi ne a dokar ƙasa? Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Kai da hannunka ka ɗauki shaidar laifinka, ka ɗora a intanet, kana roƙon a yaɗa. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano tun 2001 take aiki, tana iya cewa a cire rawa ko a gyara sutura, amma ƙarya ba ta da almakashin da zai yanke ta. Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne.

Ina tuna zamanin da talabijin ɗaya ce a layi, mu taru a tsakar gidan maƙwabta. A nuno Mamman Shata, babbar riga da hula, masu kalangu a bayansa, shi ke nan. Ba mota, ba gini. Amma in ya buɗe baki ba mai motsi. Mutumin nan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1999, har gobe ana nazarin baitukansa. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntigi ne kawai a hannunsa, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya, da shi ya zaga duniya yana waƙe ɗan adam da halinsa. Na san za ku ce su ma an ba su motoci da riguna. Ƙwarai kuwa. Amma abin da aka ba su nasu ne, kuma a bainar jama'a suke faɗin wanda ya ba su. Ba su taɓa jingina da ƙofar wani su ce tasu ce ba. A lokacin mutum yana jin kunyar a kama shi da ƙarya. Yanzu ƙaryar ce ake biyan kuɗi a haska ta da fitila.

Ku gyara, don Allah. Ku koma ku dubi inda kuka fito, ku nuna mana shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da masoyanku suka gan ku kuna cinikin kuɗin adaidaita, da wace fuska za ku kalle su? Mu ma iyaye da yayye muna da namu kason, mu ne muke tura wa juna bidiyon muna yabawa.

Bayan motar ta tafi, yaran unguwa suka rufa wa wurin suna neman abin da ya faɗi. Wani ɗan shekara 8 ya tsinci guntuwar farar takardar nan, ya juya ta, ya sake juyawa, ya cusa a aljihu. Na ji yana ce wa abokinsa shi ba zai ƙara zuwa wajen koyon ɗinki ba, mawaƙi zai zama, ya sayi irin wannan motar.