Masu goge hotuna don Google ya ce wuri ya cika, ku saurara

Saƙon nan da ke fitowa a waya cewa ma'ajiyarka ta cika, ka sayi ƙarin wuri ko ka rage kaya, yanzu babu gidan da bai shiga ba a Kumasi, daga Aboabo har Asawase. Yadda mutanenmu ke amsa shi kuwa yana ba ni takaici. Mutum zai zauna ransa a ɓace, ya buɗe hotuna ya gangara can ƙasa ya hau gogewa, don a ganinsa tsohon hoto ya gama aikinsa. Hoton sunan ɗansa na fari ya tafi. Hoton Mma ranar da ta sauka daga Makka ya tafi. Amma bidiyon nan mai minti 40 da aka turo masa a guruf uku yana nan daram, bai ko taɓa kallonsa ba. Bayan sati biyu saƙon ya sake dawowa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa abin ya yi yawa a 'yan shekarun nan. Google na ba kowane asusu GB 15 kyauta, kuma wannan wurin Gmail da Drive da Google Photos duk a cikinsa suke ci. A da, idan ka yarda a ɗan rage ingancin hotonka, Google Photos na karɓa komai yawansa ba tare da lissafi ba. Ranar 1 ga Yuni 2021 aka rufe wannan ƙofar. Sannan a farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta masu Android, wadda da ba a ƙirga ta, ita ma ta shigo cikin lissafin. Shi ya sa za ka ga dattijon da bai damu da ɗaukar hoto ba, shi ma wayarsa na kukan cika: guruf ɗin masallaci, na 'yan gida, na tsofaffin 'yan makaranta, na masu adashi, kowanne na zuba masa kaya dare da rana. Masu iPhone kuma nasu ya fi ƙunci, GB 5 Apple ke bayarwa tun 2011 da aka fara iCloud, har yau ba a ƙara ko ƙwaya ba.

Hoto ba shi da nauyi, jama'a. Bidiyon minti ɗaya da ka ɗauka da kyamarar wayarka kan ci wurin hotuna 20 ko fiye. To ku duba yadda muke yi a wurin biki. Amarya za ta shigo, mata 30 sun ɗaga waya suna ɗaukar abu ɗaya, kowace ta tura guruf, kowace ta sauke na 'yar uwarta. Shigowar amarya guda ta zama bidiyo takwas a wayar mutum ɗaya, rabinsu ƙeyar mutane da gwaggwaro kawai ake gani. Haka Maulidi, haka ranar Idi. Wanda ya share irin waɗannan guda goma ya samu wurin da sai ya goge hotuna masu yawa kafin ya samu irinsa.

Wurin da aka fi yin asara shi ne rashin bambance cikin waya da ma'ajiyar intanet. Abubuwa biyu ne, kuma kowanne cikarsa daban. A Google Photos akwai wani maɓalli da aka rubuta Free up space. Aikinsa ya cire daga wayarka hotunan da tuni suka hau intanet, wayar ta samu sarari, amma GB 15 ɗin nan ba ta ragu da komai ba. Idan kuwa ka danna alamar kwandon shara a cikin manhajar, hoton ya bar waya ya kuma bar ma'ajiyar a lokaci guda. Mutane da yawa na gogewa da ƙarfin gwiwa suna cewa ai akwai shi a Google, alhali shi ɗin suka goge. A iPhone ma haka ne idan an kunna iCloud Photos, madubi ne kawai, abin da ka cire a gabansa ya fita daga cikinsa. Sauƙin da ke akwai shi ne kwandon sharar Google Photos na riƙe hoton da ya riga ya hau intanet har kwana 60, iPhone kuma kwana 30. Duk wanda ya yi wannan aika-aika a watan nan, ya bar karanta rubutun nan ya je ya duba, wataƙila bai makara ba.

Ni ba na adawa da biyan kuɗi. Hajiyar da ke sayar da leshi da atamfa ta WhatsApp, hotunan kayanta su ne shagonta, in ta sayi GB 100 na Google One, tsarin Google na sayen ƙarin wuri, ta lissafa shi cikin kuɗin kasuwanci, babu laifi. Wanda nake ja da shi shi ne mai biyan kuɗi wata-wata don ajiye hotunan Barka da Juma'a na shekara huɗu da sikirinshot na tura kuɗi ta waya, wato MoMo, da aka gama maganarsu tun bara. Kuma a sani haya ce. Ranar da ka daina biya alhali kayanka sun haura GB 15, Gmail ya daina karɓar saƙo. Matashin da ke jiran imel daga makaranta ko wurin da ya nemi aiki zai yi ta cewa ba su amsa ba, alhali akwatinsa ne a toshe. In aka kai shekara biyu a haka, Google ya ce yana iya goge kayan.

Sharar gaskiya a WhatsApp take farawa. A saitinsa akwai wurin da yake jera maka duk abin da ya wuce MB 5 da wanda aka yi ta turawa hannu-hannu, nan za ka ga ɓarayin wuri. Ka kashe saukar da hoto da bidiyo kai-tsaye, ka cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp, data ɗinka ma za ta huta. Mai iPhone ya hana WhatsApp zuba duk abin da aka turo cikin hotunansa. Akwai kuma abubuwan da ko wuri bai cika ba ya kamata su tafi: hoton gawar wanda ya yi haɗari a hanya, Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, na wani da ya turo maka don wata buƙata da ta wuce, hotunan matan gida da ba za ka so mai gyaran waya ya gani ba. Waɗannan muke ajiyewa mu goge na kakanni, abin da ban haushi.

Hotunan da ba za a sake samun irinsu ba kuwa, a fitar da su daga hannun kamfani ɗaya. A kwafe su a memori ko filashi ko kwamfuta kafin a taɓa komai, a buɗe a tabbatar sun shiga, sannan a goge. Memori ma yana mutuwa, don haka wuri biyu ya fi. Ni dai ra'ayina, duk shekara a zaɓi goma ko ashirin a kai situdiyo a wanke. Hotunan dattawanmu na zamanin fataucin goro da ake samu a wasu gidajen Zango, a takarda suka iso mana cikin akwatin ƙarfe. Na san akwai masu ƙyamar rataye hoto a bango bisa fahimtar malamansu, ba sai an rataye ba, a sa a kundi a ajiye.

Amma abin da ya fi duk waɗannan haɗari, kuma ba na jin ana maganarsa, shi ne iyayenmu da yawa ba su ma san asusun da hotunansu ke ciki ba. An je shagunan waya na Adum an sayi Tecno ko Infinix, yaron shago ya ce, "Mma, kawo in saita miki." Cikin minti biyar ya buɗe Gmail da sunan da ya zo bakinsa, ya sa kalmar sirri, ya miƙa waya. Ba mugunta ya yi ba, taimako ne a ganinsa, sai dai babu wanda ya rubuta komai. Shekara uku hotunan jikoki na hawa can. Rannan waya ta faɗa ruwa ko an zare ta a cunkoson kasuwar Kejetia, a sayi sabuwa, wani yaron ya buɗe sabon Gmail, shi ke nan an raba Mma da kayanta. In an ce a dawo da asusun ta lambar waya, sai a tarar lambar tana cikin layukan da aka rufe a 2023 saboda ba a haɗa su da Ghana Card ba, ko kuma lambar yaron shagon ce tun farko. Ga shi tun Disamban 2023 Google ya fara aiki da dokar cewa asusun da ya yi shekara biyu ba a shiga ba ana iya share shi gaba ɗaya.

Wannan aikin namu ne, mu 'ya'ya da jikoki da muka iya danne-danne. Yau da dare bayan Isha'i ka karɓi wayar Mma ko ta Baba, ka duba sunan Gmail ɗin da ke ciki, ka tambaye su kalmar sirri. In sun sani, ka rubuta a littafi a ajiye tare da takardun gida, ka kuma tabbatar lambar dawo da asusun tasu ce mai aiki. In amsar ita ce "ai yaron can ne ya sani", to gobe da safe ku hau trotro, motar haya, zuwa Adum tun yaron bai canza shago ba.