Kwas ɗin Tafiyar da Ayyuka: Abin da Na Tarar a Ingila da Abin da Na Baro a Gida

A watan jiya ƙanena, wanda injiniya ne a ma'aikatar ayyuka ta wata jiha a Arewa, ya kira ni da daddare yana neman shawara. Ya ce, "Yaya, kwasar adashinmu na ofis ta zo kaina, kuma ina so in zuba kuɗin a jarrabawar PMP. Me ka gani?" Ban ba shi amsa a daren ba, domin kuɗin wannan jarrabawa, ta samun takardar shaidar ƙwarewa a tafiyar da ayyuka, ɗaruruwan daloli ne, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 wannan ba kuɗin da ma'aikacin jiha zai jefa a rijiya ba ne. Shekara tara ke nan ina aiki a birnin Lids na Ingila, a wani kamfanin da ke shimfiɗa bututun ruwa, bayan shekara bakwai da na yi a irin kujerar da yake kai yanzu, saboda haka na ga ya kamata in yi tunani sosai kafin in buɗe baki.

Ilimin da ake magana a kansa shi ne na tafiyar da aiki mai farko da ƙarshe, kamar ginin asibiti ko shimfiɗa hanya ko kafa sabuwar manhajar biyan albashi, ta yadda za a gama shi cikin lokacin da aka ɗiba, da kuɗin da aka ware, kuma ya fito yadda aka yi alkawari. Takardun shaidarsa da suka yi suna ba su da yawa. PMP ta cibiyar masu tafiyar da ayyuka ta PMI ce, wadda aka kafa a Amurka a 1969, kuma mai digiri ba ya zama jarrabawar sai ya nuna ya jagoranci ayyuka na wata 36 ya kuma yi horo na sa'a 35. Bayan ya ci ma, sai ya tara sa'a 60 na ƙarin ilimi duk shekara uku, in ba haka ba takardar ta mutu. A Birtaniya an fi sanin PRINCE2, tsarin da gwamnatin ƙasar ta fitar a 1996, da kuma ƙungiyar masu tafiyar da ayyuka ta APM wadda aka kafa a 1972, da ke buƙatar sa'a 35 na ƙaro ilimi a kowace shekara daga ƙwararrun mambobinta. Abin lura a nan shi ne galibi an gina su a kan cewa mai karatun ma'aikaci ne da aiki a hannunsa, ba ɗalibin da ke jiran ya gama ya nemi aiki ba.

A shekarata ta biyu a nan kamfaninmu ya tura ni kwas ɗin PRINCE2 na kwana biyar. Gaskiya ban ji wani abin da ya girgiza ni a ajin ba, domin yawancin abin da aka koyar hankali ya riga ya san shi: kada a fara aiki sai an rubuta dalilin yin sa, a raba shi zango-zango, a ƙarshen kowane zango a zauna a duba ko dalilin yana nan, a san wane ne ke da ikon yanke wace shawara, a kuma rubuta abubuwan da ake tsoron za su iya ɓata aikin tun kafin su auku. Abin da ya bambanta ya zo ne ranar Litinin ɗin da na koma ofis. Shugabar sashenmu ta kira ni ta ce tunda na dawo, tana son kafin Juma'a in kawo mata jerin haɗurran aikin bututun da nake kai, kowanne da sunan wanda zai sa masa ido da abin da za a yi idan ya auku. Daga ranar, duk wata sai mun buɗe wannan takarda tare, kuma da aka zo bitar aikina ta ƙarshen shekara, tambayar farko ita ce me ya canja a aikina saboda kwas ɗin da aka biya mini. A wannan zaman na wata-wata na koyi sana'ar, ba a kwana biyar ɗin ba.

Kuɗin irin wannan horo ma yana da hanyarsa. Tun watan Afrilun 2017 duk ma'aikatar da jimillar albashin da take biya a shekara ya haura fam miliyan 3 tana biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma a Ingila tana iya janyo kuɗin ta horar da ma'aikatanta a tsarin koyon sana'a, wanda ba na yara sababbin shiga kaɗai ba ne. Lokacin da aka fara tsarin, sharaɗin shi ne a bar wa ma'aikaci kashi 20 cikin ɗari na lokacin aikinsa don karatu, wato kusan yini guda a mako, ana kuma biyan sa albashinsa. Akwai abokin aikina da ya haura shekara arba'in, wanda ya fara da haƙa rami da ɗaura bututu, ta wannan hanyar ya zama mai tafiyar da ayyuka ba tare da ya ajiye aiki ko ya ci bashi ba.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka cewa mu a gida ba mu da makamancinsa, alhali mun riga su da shekara 46. Asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, tun 1971 aka kafa shi, kamfanoni suna zuba masa kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya zuba. Kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati ta ASCON tana Badagry tun shekarun 1970, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a jihohi, kuma a 2018 aka sa hannu a dokar da ta kafa cibiyar ƙwararrun masu tafiyar da ayyuka ta Nijeriya, CIPMN. Ba gine-gine ko dokoki muka rasa ba.

Abin da muka rasa na san shi ne domin da ni aka yi. A shekarun da na yi a ma'aikata na halarci bita ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma kusan duk kamarsu ɗaya: otal a wani gari, kwana uku, jaka mai tambari, shayi da ƙarfe goma sha ɗaya, hoto a ranar rufewa, sai takardar shaida da alawus. Sunayen masu tafiya ba daga buƙatar aiki ake fitar da su ba, daga kusanci da ofishin oga ne, ko kuma a ce wane ya daɗe bai samu ba, a ba shi ya rage zafi. Na taɓa zama kusa da wani dattijo da saura masa wata huɗu ya yi ritaya a bitar da aka shirya kan tsara jadawalin ayyuka da kwamfuta, alhali matasan da ke tsaye a rana wurin aikin suna can ba a ko sanar da su ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, lissafin alawus nake yi a mota, kuma da na dawo babu wanda ya tambaye ni ko da taken bitar. Takardun suna nan cikin wata jaka a gidanmu, asu ya fara cin gefensu.

Sai dai ko da an gyara bita, akwai matsalar da ta fi ta zurfi, kuma ita ce ta hana ni ce wa ƙanena ya biya kuɗin nan take. Duk waɗannan kwasa-kwasan suna ɗauka cewa wanda aka ɗora wa aiki yana da wani iko a kansa. Injiniyan ma'aikata kuwa sau da yawa sai an gama bayar da kwangila yake jin labari, wani lokaci tun zane bai kammala ba. Ba shi ya san ranar da za a saki kuɗi ba, ba ya iya tsayar da ɗan kwangilar da ya fi shi shiga gidan gwamnati, kuma idan aka yi sabon gwamna aikin na iya zama maraya a dare ɗaya. Kwamitin da Shugaba Jonathan ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba. Ba na jin rashin takardar PMP a hannun ƙananan injiniyoyi ne ya jawo wannan adadi. Masu buƙatar a zaunar da su a aji su ne manyan sakatarori da kwamishinoni da daraktocin kuɗi, waɗanda sa hannunsu ke fara aiki ko ya kashe shi. Birtaniya ta gane haka da kanta, shi ya sa a 2012 ta buɗe makaranta ta musamman tare da sashen nazarin kasuwanci na Jami'ar Oksfod, domin manyan jami'an da ke riƙe da manyan ayyukan gwamnati.

Kada a ɗauka cewa yabon Turawa nake yi ido rufe. Layin dogon Elizabeth na birnin Landan an yi alkawarin buɗe shi a watan Disambar 2018, bai buɗe ba sai Mayun 2022, kuma kuɗinsa ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan biliyan 19. Layin jirgin ƙasa mai sauri na HS2 kuwa, a watan Oktoban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya soke ɓangarensa da zai kai Manchesta bayan kuɗi ya yi ta hauhawa. Duk waɗannan ayyuka cike suke da masu takardun shaida. A nan ma akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce cusa wa mutum amsoshin jarrabawa cikin mako guda, ya ci, ya manta. Bambancin da na gani shi ne idan aiki ya lalace, ofishin binciken kuɗin gwamnati yakan rubuta dalilin dalla-dalla, kwamitin majalisa ya kira shugabannin aikin su amsa tambayoyi a bainar jama'a, sannan rahoton ya koma aji ya zama darasi. Mu kuwa kangon gini yakan tsaya shekara ashirin a bakin hanya, awaki na kwana a ciki, ba tare da an sami shafi ɗaya da ya bayyana abin da ya faru ba.

Akwai kuma abin da injiniyanmu ya iya wanda babu shi a littattafan nan. Wanda ya kai gini ƙarshe alhali farashin siminti ya canja sau uku, ya sasanta da mai unguwa kan diyyar gona, ya kuma san cewa leburori za su watse su koma gona da zarar ruwan farko ya sauka, ya san haɗarin aiki fiye da abokan aikina da yawa. Abin da ya rage masa shi ne al'adar rubutawa, domin ilimin ya daina mutuwa tare da mai shi. Ba na kuma yarda da masu cewa karatu bayan an kama aiki baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ya ga ɗan kasuwa mai furfura ya rufe rumfa ya nufi zauren malam da littafinsa bayan Magariba, shekara da shekaru, babu alawus, babu hoton rufe taro. Madugun da ke ɗaukar ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, yana da jagaba da uban dawaki, ya san zangon da za a sauka, da kuɗin fito da za a biya, da lokacin da ya kamata a haye kogi kafin ya cika. Da za a koyar da wannan fanni da Hausa, da irin waɗannan misalai, ga shugabannin magina da 'yan kwangilar ƙananan hukumomi da masu kula da ayyukan ƙungiyoyi, a ajin yamma ko na ƙarshen mako, da ya fi bita goma a otal amfani.

Da na kira ƙanena bayan kwana biyu, na ce masa ya riƙe kuɗin adashinsa tukuna. Na ce ya ɗauki aiki guda daga cikin waɗanda yake dubawa, ya rubuta masa jadawali da jerin abubuwan da yake tsoro, ya riƙa sabunta su duk mako har wata shida, ya kuma rubuta wa ofishinsu takardar neman su ɗauki nauyin horon, ko da ya san da wuya a amsa. Idan ya yi haka, ranar da zai cike takardar neman zama jarrabawar yana da abin da zai rubuta a gurbin ayyukan da ya jagoranta, kuma idan niyyarsa ita ce ya koma kamfani mai zaman kansa ko ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, inda ake tambayar takardar da gaske, a lokacin kuɗin zai yi amfani. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai darakta ba zai karanta ba." Na ce ya riƙa turo mini, ni zan karanta.

Ranar Asabar da ta wuce ya turo shafin farko, a kan ginin ajujuwa shida a wani ƙauye. Abu na farko a jerin shi ne idan ba a saki kashi na biyu na kuɗin kafin watan Yuni ba, rafin da ke kan hanyar ƙauyen zai kawo ruwa, tifa ba za ta iya shiga da yashi ba sai bayan kaka. A gurbin sunan wanda zai sa ido a kan wannan, ya rubuta nasa, sannan ya sa alamar tambaya a gabansa.