Me ya sa motar asibiti ke jinkiri alhali akwai motoci?

Da zarar motar ɗaukar marasa lafiya ta yi jinkiri, sai ka ji ana cewa ai motocin ne suka yi kaɗan, a sayo sababbi. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa matsalar ba a nan take ba.

Mota ba ta aiki sai da ma'aikata, galibi mutum biyu da aka horar, kuma don ta yi aiki dare da rana dole a samu rukunoni masu karɓar juna. Motar da babu ma'aikatan da za su fita da ita, da ita da babu duk ɗaya.

Wani babban abin da ke cinye lokaci shi ne ƙofar asibiti. Ma'aikatan ba za su ajiye majinyaci su tafi ba har sai likita ko nas ta karɓe shi. Idan sashen gaggawa ya cika, babu gado, sai su tsaya da shi, wani lokaci na sa'o'i. A Ingila ƙa'idar ita ce a kammala miƙa majinyaci cikin minti 15, amma cunkoso kan sa a wuce haka nesa ba kusa ba. Duk wannan lokacin, motar tana cikin lissafi a takarda, amma ba ta amsa kira.

Sannan ba wanda ya riga kira ake fara zuwa wa ba. Wanda zuciyarsa ta tsaya ko numfashinsa ya ɗauke shi ne kan gaba, mai karaya a hannu kuwa sai ya jira, ko da tun ɗazu ya buga waya.