Kafin ka zargi maƙwabci da satar Wi-Fi

'Yan'uwana matasa, akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu: "Wallahi wani na jan Wi-Fi ɗina." Da zarar bidiyo ya fara tsayawa yana juyi, ko data ta ƙare tun wata bai raba ba, sai ido ya koma gidan maƙwabta. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami, don haka ba wa'azin wanda bai taɓa zamewa ba zan yi muku.

Akwai wani yaro da ke yawan zama jikin katangarmu da yamma, kansa sunkuye a kan waya. Ga datata na tafiya kamar ana zuba ruwa a kwando, sai zuciya ta haɗa mini lissafi. Kusan mako guda ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Ranar da na daure na shiga rautar, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, na duba, na'urori bakwai na gani a haɗe, biyu ban gane su ba. Na ce yawwa, asiri ya tonu. Sai na bi ɗaki-ɗaki ina kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya ina kallon jerin. Ina zare filogin talabijin, ɗaya ta ɓace. Ɗayar kuwa tsohuwar wayata ce da na manta a jikin caja bayan kujera, tana ta kwashe hotuna da bidiyo tana turawa ma'ajiyar intanet dare da rana. Yaron nan bai san hawa ba, bai san sauka ba. Allah ya rufa mini asiri ban furta masa komai ba, amma har yau in ya gaishe ni sai na ji nauyi. Ba banza aka ce zato zunubi ba.

Abin haushin, dubawar ba ta kai minti goma ba. Juya rautarka, akwai takarda manne a ƙasa ko a baya mai ɗauke da adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga, ka nemi shafin da ke nuna na'urorin da ke haɗe. Kowace za ta fito da lambarta ta MAC, haruffa da lambobi guda 12. Amma a kula, baƙuwar lamba ba hujja ba ce. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ƙirƙirar wa kansu lambar aro don kada a riƙa bibiyar masu su, saboda haka wayar ƙanwarka na iya fitowa da lambar da ba ita ce ta asali ba, wani lokaci ma babu suna. Kashe na'urori ɗaya bayan ɗaya da na yi shi ne gwajin da ba ya ƙarya. Nauyin intanet kuma dalilansa sun fi a ƙirga: katanga mai kauri, rautocin maƙwabta da suka cunkushe a zangon iska ɗaya na 2.4 GHz, kwamfutar da ke sabunta kanta a ɓoye, ko kamfanin da ke ba ka intanet da kansa.

To, a ce ka kashe komai na gidan, kuma har yanzu ga wata na'ura nan daram. Yanzu ka samu baƙo. Kafin ka ɗaura ɗamarar faɗa, tambayi kanka ta ina ya shigo, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu kan ɗauka wani gwanin kwamfuta ne ya kwana yana fasa mana tsaro. Ina! Yawanci da hannunmu muka buɗe. Ka ba aboki kalmar sirri ranar da ya zo hira, shi kuma wayarsa na iya mayar da ita hoton QR, ya nuna wa wani, wani ya nuna wa wani. Akwai ma manhajojin da ke yi maka alkawarin Wi-Fi kyauta, alhali jarinsu shi ne kalmomin sirrin da ake tarawa daga masu amfani da su. Wasunmu kuma lambar wayarsu ce kalmar sirrin, ko 12345678. Wannan ai sakaya ƙofa ne, ba kullewa ba.

Akwai kuma tsagar da ke jikin rautar kanta. Idan ka ga an rubuta WEP a wajen tsaro, to ka san tsohon kwaɗo ne da masana suka nuna rauninsa tun 2001, yau cikin mintoci ake ɓalle shi. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018, ɗayansu za ka zaɓa. Sai WPS, wanda aka yi don sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba mai alƙaluma 8. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta na tantance lambar ne rabi-rabi, har gwajin da ake tsammanin zai kai miliyoyi ya dawo kusan 11,000, aikin 'yan sa'o'i. Kashe shi kawai, ba abin da za ka rasa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne kalmar shiga saitin rautar, wadda daban take da ta Wi-Fi. Da yawanmu ba mu ma san kalmomin biyu ba ne, sai a bar ta yadda ta zo daga masana'anta, suna admin, kalmar sirri admin. Duk wanda ya shigo zai iya zama mai gida, ya sauya saiti, ya karkatar da kai zuwa shafukan bogi. Muguwar manhajar nan Mirai da ta addabi duniya a 2016 ba wata dabara mai zurfi ta yi ba. Jerin sunaye da kalmomin masana'anta kusan 60 ta riƙa gwadawa, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, aka yi amfani da su a watan Oktoba wajen kai hari kan Dyn, kamfanin da ke sada mutane da shafukan intanet da dama, har Twitter da Netflix suka gagari mutane da dama buɗewa.

Kada kuma ka ce ai data ce kawai, a bar shi ya sha. Duk abin da baƙon nan ya aikata a intanet, ta adireshin gidanka yake fita. In zamba ya yi, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Ga shi kuma yana zaure ɗaya da kyamararka da firintarka da kwamfutarka.

Ku kuma masu raɓewa jikin katangar mutane, na san kuna karantawa. Kun ce ai a iska yake, ba a ɗauki komai ba. Wani ne ya biya kuɗinsa, kuma ba ku nemi izini ba. Rashin kulle ƙofa ba ya halatta shiga ɗaki, kuma a ƙasashe da yawa doka na ɗaukar wannan a matsayin laifi. Yin sallama ka roƙa bai rage wa kowa daraja ba.

Kai mai rauta, ba sai ka kama kowa ba. Sauya kalmar Wi-Fi, duk wanda ke ciki zai faɗo a take. Ana karɓar haruffa 8 zuwa 63, don haka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna. Sauya ta saitin ma, ka sabunta manhajar rautar. In kana jin an taɓa saitin, danna ɗan ramin nan na baya da tsinke na kamar daƙiƙa goma, ta koma yadda aka sayo ta, ka fara daga farko. Ɓoye sunan Wi-Fi da tace lambobin MAC kuwa kada ka dogara da su, wanda ya san hanya ba sa tsayar da shi. Masu kawo maka ziyara kuma ka buɗe musu layinsu na daban, yawancin rautoci na da shi, ka riƙa sauya kalmarsa lokaci-lokaci. Bayan kwana biyu ka sake leƙa jerin nan ka ƙirga.