Malamin jami'a tsakanin aji da bincike

Duk wanda ya taɓa koyarwa a jami'a a ƙasar nan ya san cewa aikin nauyi uku ne, wato koyarwa da bincike da hidimta wa al'umma, amma idan lokacin ƙarin girma ya zo, abin da ya fi rinjayar ma'auni shi ne yawan maƙalun da mutum ya wallafa. Na shafe shekaru ina koyarwa a nan Kano, kuma na ga yadda wannan tsari yake raba hankalin malami gida biyu, yana tsaye gaban ɗalibai amma zuciyarsa tana kan maƙalar da ya bari a kwamfuta bai ƙarasa ba.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a dubi yadda zangon karatu yake wucewa. Akwai darasin da na koyar wa ɗalibai fiye da 300 a zaure guda, ni kaɗai na duba takardun jarrabawarsu, na tattara sakamako, ga zaman kwamiti, ga 'yan ajin ƙarshe suna jira a bakin ofis da kundayensu. Bayan yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da dama sun matse kalandarsu domin cike giɓi, sai dogon hutun da malami yake samu ya zauna ya yi nazari ya zama 'yan makwanni. Batun wutar lantarki da kuɗin data kuwa, kowa ya san daga aljihun wa suke fita.

To, a irin wannan matsi mutane sukan nemi mafita, kuma biyu daga cikin hanyoyin da na ga ana bi suna damuna matuƙa. Wani yakan saki ajin, ya riƙa karanta wa ɗalibai bayanan da ya rubuta shekara goma da suka wuce ba tare da ya ƙara ko harafi ba, domin ya tanadi ƙarfinsa ga rubutu. Wani kuma yakan biya kuɗi a buga masa maƙala a mujallar da ba ta tantance komai, ko a yi yarjejeniyar nan ta "sa sunana a taka, in sa naka a tawa". Ana samun muƙamin, amma ɗalibi bai ƙaru ba, ilimin ma bai ƙaru ba, kuma yaran suna kallonmu, gobe su ne za su riƙe allin.

Ra'ayina shi ne, kuskurenmu na farko ɗaukar aji da bincike a matsayin kishiyoyi. Malamanmu na zaure ba su san wannan rabuwar ba, domin a wurin biya wa almajirai karatu ne tambaya take tasowa, malam ya koma littattafai, ya dawo da amsa, ya rubuta ta a gefen shafi, wanda zai karanta bayansa ya amfana. Tun da na daina raba wa 'yan ajin ƙarshe batutuwa barkatai, na ɗauki tambaya guda na yanka ta gida-gida kowa ya riƙe nasa ɓangaren, sai duba kundi ya daina zama mini wahalar banza. Abin da suka tattaro shi nake shigowa da shi aji a zango na gaba, kuma idan an kai ga wallafawa sunan ɗalibin yana nan, domin guminsa ne kuma haƙƙinsa ne.

Kano kuwa ba ta rasa abin bincike ba. Mai nazarin tattalin arziki yana da kasuwar Dawanau da Kantin Kwari, mai ilimin sinadarai yana da ruwan da ke fita daga masana'antun Sharaɗa da Challawa, mai tarihi da harshe yana da rubuce-rubucen ajami da ke jibge a gidajen malamai cikin birni, ga marinar Ƙofar Mata da ta daɗe tana aiki. Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero ta nuna cewa ana iya haɗa horar da ɗaliban manyan digiri da binciken da ya shafi gonar manomi kai tsaye.

Sai dai ƙoƙarin malami shi kaɗai ba zai wadatar ba. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar ASUU ta 1992 kuma ya ɗauki wannan suna a 2011, yana ba da tallafin bincike, amma kuɗi ba ya sayo lokaci. Ina roƙon shugabannin sassa su rage wa wanda ya samu tallafi yawan darussa ko da na zango ɗaya ne, su kuma daina jibga wa ƙananan malamai manyan azuzuwa a daidai shekarun da suke fama da digirinsu na uku. Kwamitocin ƙarin girma su ma su riƙa karanta maƙalun maimakon ƙirga su, sannan su ba ingancin koyarwa da kula da kundin ɗalibai maki mai nauyi.